Mai reno a Amurka: yadda zaki yi da kuɗin da kike kashewa kan aiki idan lokacin haraji yazo

Duk shekara da zarar Janairu ya kama tambaya ɗaya ce take yawo tsakanin masu aikin renon yara a Amurka, wai nifa na zuba fetur da kuɗina ina kai yara makaranta ina ɗauko su, na sai musu kayan wasa da takardun zane, na biya kwas ɗin taimakon gaggawa, shin in zan cike takardun haraji zan iya cire waɗannan kuɗin? Amsar da ba kowa ke son ji ba itace, ga yawancin masu reno a'a, gwamnatin tarayya bata yarda ba. Amma hakan bai nuna cewa kuɗin sun tafi kenan ba, kawai dai ba a ƙofar da kike ƙwanƙwasawa ake karɓo su ba. Ana karɓo su ne a wajen iyayen yaran, tun kafin a kai ga maganar haraji, kuma in anyi shi daidai ko senti ɗaya na haraji ba za'a ɗora akai ba. Bari mu bi abin daki daki.

Mataki na 1: ki fara sanin ke wacece a idon IRS

Komai a nan ya rataya ne, dan haka kar ki tsallake shi. Hukumar haraji ta IRS ta raba masu aiki gida biyu, akwai ma'aikaci wanda wani ya ɗauka, akwai kuma mai zaman kansa wanda sana'arsa yake yi yana saida aikinsa ga duk wanda yazo. Abinda suke dubawa ba sunan da kuka kira juna dashi bane, ba kuma abinda aka rubuta a takarda ba, a'a waye yake da iko akan yadda ake aikin. In gidansu kike zuwa, su suka ce kizo ƙarfe bakwai ki tashi ƙarfe biyar, su suka faɗi lokacin barcin yaro da abinda zai ci da inda za'a kaishi, kujerar mota da keken turawa duk nasu ne, toh ke ma'aikaciyar gida ce, ko cikakken lokaci kike yi ko kwana biyu a sati, ko ta hanyar ejansi aka samo ki ko ta bakin ƙawa. Littafin IRS mai suna Publication 926 shi yayi bayanin wannan, kuma kusan duk mai reno da ke aiki a gidan iyayen yara a nan take faɗowa. Takardar da ya kamata su baki a ƙarshen shekara itace W-2, kuma doka tace ta iso miki zuwa 31 ga Janairu.

Mai zaman kanta kuwa itace irin wadda ake kawo mata yara gidanta, ita ta tsara lokacin buɗewa da rufewa, ita ta yanka farashi, kayan aiki nata ne, yaran kuma daga gidaje daban daban. Wannan kasuwanci take yi, kuma ita ce mai Schedule C, wato takardar harajin da mai sana'ar kansa yake lissafa ribarsa a ciki.

Akwai kuma iyakar kuɗi da ya kamata ki riƙe a kai. In gida ɗaya suka biya ki dala 2,700 ko fiye a 2024, ko dala 2,800 a 2025, dole ne a biya harajin Social Security da Medicare (wato na fansho da na inshorar lafiyar tsofaffi) akan albashinki, kashi 7.65 cikin ɗari daga aljihunki, wani kashi 7.65 daga aljihunsu, kuma su zasu kai rahoton a Schedule H tare da nasu takardun. Adadin yana ɗan hawa kusan kowace shekara, sai ki duba na shekarar da kike ciki.

Mataki na 2: in W-2 gareki, ki cire rai da ragin tarayya

Da can akwai shi. Kafin 2018 ma'aikaci zai iya cike fom 2106 ya lissafo kuɗin da ya kashe kan aiki wanda ba'a maido masa ba, abinda ya haura kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa sai a rage masa, in har ya zaɓi ya lissafo ragin nasa ɗaya bayan ɗaya. Dokar haraji da aka sa wa hannu a Disamba 2017 ta dakatar da wannan daga 2018 zuwa 2025, mutane suna ta jiran ya dawo a 2026, sai kuma wata dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 tazo ta rufe shi gaba ɗaya. Shiyasa in kika ci karo da wani tsohon rubutu a intanet yana ce miki ki tara rasit ɗin fetur da na takalmi za'a rage miki, ki duba shekarar da aka rubuta shi, yawanci tsoho ne. Waɗanda aka bari tsirarru ne, irinsu sojojin ko-ta-kwana, wasu masu wasan kwaikwayo da kiɗa, wasu jami'an jiha da ake biya da kuɗin aiki, sai ma'aikaci mai naƙasa da ya kashe kuɗi kan abinda zai taimaka masa yin aikin. Ragin da ake yiwa malaman makaranta (dala 300 a 2025) shima bai shafe ki ba, ko da kuwa kullum ke kike zama da yaran kuna aikin gida na makaranta, wannan na wanda yake koyarwa a makaranta ne.

Wani abu ma da mutane suke kuskuren fahimta, ragi ba maido kuɗi bane. In aka rage miki dala 1,000 daga kuɗin da za'a ɗorawa haraji kuma kina matakin kashi 12, dala 120 kawai kika tsira dasu, sauran 880 ɗin sun tafi. Amma in iyayen yara suka maido miki dubun nan, dubu ce cif ta dawo aljihunki. Kinga ko a lokacin da ragin yake nan ma, maidowa ta fishi nesa ba kusa ba.

Mataki na 3: ki shirya maganar maido kuɗi da iyayen yara, a rubuce

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa. IRS tana da tsari na maido kuɗi mai hujja, wanda in aka bishi kuɗin da mai aiki ya maido miki ba albashi bane, baya shiga W-2, babu harajin kuɗin shiga akai, babu Social Security babu Medicare, ke baki biya ba suma basu biya ba. Sharuɗɗa uku ne. Na farko kuɗin ya zama saboda aikin aka kashe shi. Na biyu ki kawo hujja cikin lokacin da ya dace, wato rasit ko rubutaccen lissafi mai ɗauke da kwanan wata da adadi da dalili, kuma abinda IRS take ɗauka a matsayin lokacin da ya dace shine kwana 60 bayan kashe kuɗin. Na uku in an baki kuɗi tun farko ya rage saura, ki maida sauran cikin kwana 120. Shikenan. Babu wani fom da ake turawa hukuma, takarda ɗaya ce tsakaninku da kuma ɗabi'ar kawo rasit.

Inda ake ɓata abin shine madam tace bari kawai in riƙa ƙara miki dala 200 duk wata na mota da sauransu, ba sai kin kawo komai ba. A ido kamar sauƙi ne, amma a doka wannan 200 ɗin albashi ne tunda ba hujja, haraji zai hau kansa ta ɓangarenki da nasu. In zasu bada alawus ɗin gaba, toh a ƙarshen wata ki kawo lissafi, abinda ya rage ki mayar ko a cire a na wata mai zuwa.

Mota itace babba. IRS tana fitar da farashin kowane mil duk shekara, senti 67 ne a 2024, senti 70 a 2025, kuma wannan adadin ba fetur kaɗai yake rufewa ba, ya haɗa da lalacewar mota, taya, canjin bakin mai, inshora, da faɗuwar darajar motar. Mu ɗauka kina yin mil 40 a sati wajen kai yara makaranta da wajen wasa da asibiti, sati 50 a shekara, mil 2,000 kenan, a senti 70 ya kama dala 1,400 ba haraji. Masu reno dayawa suna karɓar ɗan kuɗin fetur jefi jefi su ga kamar an kyauta musu, alhali motarsu ce take tsufa. Kuɗin faking da na tolget daban ake lissafa su, ba'a cikin sentin nan suke ba. In iyayen suka biya sama da farashin IRS, abinda ya haura shine zai zama albashi. In kuma motarsu kike tuƙawa babu maganar mil, sai dai in kin zuba mai da kuɗinki su maido miki da rasit.

Abu ɗaya da baya shiga shine tafiyarki daga gida zuwa wajen aiki da komawa. Wannan hidimar kanki ce a wajen IRS, in suka biya miki kuɗin mil ɗinta albashi ne. Sai dai akwai wata ƙofa, katin bas ko na jirgin ƙasa da mai aiki ya baki baya ɗaukar haraji har zuwa dala 315 a wata a 2024, 325 a 2025, haka ma faking kusa da wajen aiki yana da irin wannan iyakar. Ga mai aiki a birni irin New York wannan ba ƙaramin abu bane.

Ki kuma kira kamfanin inshorar motarki ki gaya musu kina ɗaukar yara a matsayin aiki, dan wasu kamfanonin zasu iya ƙin biya in hatsari ya faru alhali basu sani ba. In suka ƙara kuɗi, ki sa wannan a cikin maganar da zakuyi da iyayen.

Sauran abubuwan da ya dace su shiga takardar: kayan zane da na wasa, tikitin gidan zoo ko gidan tarihi na yaran da naki tunda rakiya kika je, abincin da aka ci a waje lokacin fita da yara, kwas ɗin farfaɗo da numfashi da taimakon gaggawa wanda yawanci ake sabunta shi duk shekara biyu, binciken tarihin mutum in su suka nema, da rabon kuɗin waya in suna so ki riƙa turo hotuna da amfani da taswira da layinki. In kunyi tafiya dasu hutu, jirgi da ɗaki da abinci nasu ne, kuma awoyin da kikayi aiki a can albashi ne kamar kullum, kar a ce miki ai kema kin sha iska. Ni a ganina mafi sauƙi duka shine su baki kati na musamman ko ɗan kuɗin kashewa a ambulan, kuɗinki ma kar ya shiga ciki balle ayi ta bin bashi, ke dai ki ajiye rasit.

Yaushe ake wannan maganar? Tun ran gini tun ran zane, wato ranar da ake maganar albashi. In kin riga kin fara aiki, ki bari lokacin da hankali yake kwance, ba da safe ana gaggawar fita ba, kizo da lissafin wata ɗaya a rubuce kice ranki ya daɗe ga abinda na kashe, kuma in muka bi ta wannan hanyar ku ma bazaku biya haraji akai ba. Wannan jimlar ta ƙarshe ita take buɗe kunne. A wasu jihohin ma ba alfarma bace, a Kalifoniya sashe na 2802 na dokar ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya maido duk kuɗin da ma'aikaci ya kashe na dole saboda aiki, Illinois ma tana da irin wannan dokar tun 2019.

Mai kwana a gidan kuma, ɗaki da abincin da ake bata a cikin gidan saboda buƙatar aikin ba'a lissafa su a matsayin albashin da ake ɗorawa haraji, in dai zaman gidan sharaɗi ne na aikin.

Mataki na 4: littafin lissafi

Ba wani abu mai wahala bane. Ƙaramin littafi a cikin mota ko manhaja a waya, duk tafiya ki rubuta kwanan wata, daga ina zuwa ina, mil nawa, me akaje yi. Rasit kuma ki ɗauki hotonsa a ranar, dan takardar nan ta kanti rubutunta gogewa yake cikin 'yan watanni. Ki miƙa lissafin duk sati ko duk wata, kuma ki roƙa a turo kuɗin daban da albashi ko a nuna shi a layi daban a takardar biya, saboda kar ya cakuɗe ya faɗa cikin W-2 bisa kuskure. Ki ajiye komai aƙalla shekara uku bayan kin shigar da takardun. Lissafin da aka zauna aka ƙirƙiro a watan Afrilu daga ƙwaƙwalwa baya tsayawa in aka zo bincike.

Mataki na 5: ragin da har yanzu zaki iya samu duk da W-2

Akwai su, sai dai ba na kuɗin aiki bane kai tsaye. Ragin bai-ɗaya da ake yiwa kowa, dala 14,600 ga mara aure a 2024, dala 15,750 a 2025, shi ba'a buƙatar rasit. Kuɗin da kika zuba a asusun ritaya na IRA irin na gargajiya, har dala 7,000 a 2024 da 2025 in baki kai shekara 50 ba. Ruwan bashin karatu har dala 2,500. In kina da yara naki ko albashin bai da yawa ki duba Earned Income Tax Credit, wanda shi kuɗi ne ake cirewa daga harajin kansa har ma a biyo ki canji.

Sabon da ya shigo kuma ya dace da masu reno sosai shine na obataim. Daga 2025 zuwa 2028 za'a iya rage ƙarin da ake yi akan awoyin da suka wuce 40 a sati, har dala 12,500 ga mutum ɗaya. Amma ki lura, ba duka kuɗin obataim ɗin ba, rabin nan da aka ɗora a sama ne kawai. In awarki dala 20 ce obataim 30, goman ce ake ragewa. Awa 5 a sati na sati 48 awa 240 kenan, ragin ya zama dala 2,400. Sharaɗin shine ya zama obataim ɗin da dokar ƙwadago ta tarayya ta wajabta, kuma wannan dokar ta wajabta shi ne ga mai reno da take zuwa ta koma gida, mai kwana a gidan an cire ta a matakin tarayya duk da wasu jihohin sun bata nasu. Sai kina da lambar Social Security, in kina da aure kuma sai kun shigar da takardu tare. Kinga wani dalilin kenan da yasa ya kamata awoyinki su kasance a rubuce.

Sai jiha. Ba duka jihohi ne suka bi tarayya wajen rufe ragin kuɗin aiki ba, Kalifoniya da New York da Pennsylvania da Minnesota da Alabama da Arkansas da Hawaii suna cikin waɗanda suka bar wani abu a takardar harajin jiha. Kowacce da ƙa'idarta, kuma a yawancinsu sai kuɗin sun wuce wani kaso na kuɗin shigarki kafin kiga amfanin, dan haka kar ki sa rai da wani abu mai yawa, amma in kina ɗaya daga cikinsu rasit ɗin da ba'a maido miki ba kar ki zubar.

Wani tarko da yake kama sababbi: doka bata tilasta wa iyayen yara su riƙa cire miki harajin kuɗin shiga daga albashi ba, Social Security da Medicare ne dole. In baki cike W-4 (fom ɗin da ke nuna harajin da za'a riƙa cirewa daga albashi) kin nemi su riƙa cirewa sun kuma amince ba, Afrilu zai zo kiga bashi mai kauri yana jiranki. Ko dai ki nemi su cire, ko ki riƙa turawa da kanki sau huɗu a shekara da fom 1040-ES.

Mataki na 6: in suka miƙo miki 1099

1099 takarda ce da ake ba mai zaman kansa a madadin W-2. Miƙa ta ga mai reno yana faruwa sosai, wani lokacin rashin sani ne wani lokacin kuma gudun biyan nasu kason ne. Za'a ce miki ai gara haka, zaki iya cire duk kuɗin da kika kashe. Mu buga lissafi mu gani. Albashin dala 30,000 a W-2, naki kason na Social Security da Medicare dala 2,295 ne. In aka maida ke mai zaman kanta, kashi 15.3 zaki biya akan kashi 92.35 na ribar, kusan dala 4,239 kenan, wato kin ɗauki ƙarin kusan dala 1,900 wanda su ya kamata su biya. Sai kin kashe dubbai masu yawa daga aljihunki kafin ragi ya cike wannan ramin, kuma kuɗin da kika kashe ɗin ai naki ne suka tafi. Ban da haka kin rasa kuɗin rashin aiki in aka sallame ki, tunda ba wanda ya biya miki harajinsa, kin rasa kariyar obataim, a jihohi dayawa kin rasa inshorar rauni a wajen aiki.

Abin yi shine ki fara da magana cikin lalama, ki nuna musu Publication 926, da yawa zasu gyara in suka gane cewa haɗarin a kansu yake. In suka ƙi, akwai fom SS-8 da ake nema IRS ta yanke hukunci kan matsayinki, yana ɗaukar watanni shida ko fiye, sannan fom 8919 yana baki damar biyan naki kason kaɗai. In kuma babu takardar da suka baki kwata kwata har ƙarshen Fabrairu, ki kira IRS, kuma fom 4852 yana tsayawa a madadin W-2. Gaskiya dai SS-8 yana nufin hukuma zata tuntuɓe su, dan haka ki auna zamanku kafin ki tura, yawanci waɗanda suka riga suka bar aikin sunfi yinsa.

Masu karɓa a hannu kuma ba tare da wata takarda ba, ki sani in iyayen suka nemi ragin kuɗin kula da yara a fom 2441, dole su rubuta sunanki da adireshinki da lambarki da adadin da suka biya ki. Kenan hukuma ta san an biya ki ko baki faɗa ba. Kuma shekarun da kikayi a haka basu shiga lissafin Social Security ɗinki ba, ranar neman hayar gida ko bashin mota ma babu abin nunawa.

Mataki na 7: in da gaske ke mai zaman kanta ce

Toh ke kam ƙofar ragi a buɗe take. A Schedule C zaki rubuta duk abinda ya shigo, ki cire duk kuɗin da aka saba kashewa a irin sana'ar kuma ake buƙatarsa: kayan wasa, littattafai, gadon jarirai, kayan tsafta, kuɗin lasisi, inshorar sana'a, talla, kwasa-kwasan ƙara sani, kuɗin akanta, kason waya da intanet da aikin yaci. Mota ko dai ki bi farashin mil ko ki lissafa ainihin abinda kika kashe, ba'a haɗa biyun a shekara ɗaya. Tufafi ba'a cirewa in dai irin wanda zaki iya sawa ki fita unguwa ne, ko da kuwa dan aikin kika saye shi, sai irin yunifom mai tambari.

Gida shine inda masu renon gida suka fi sauran 'yan kasuwa gata. Kowa sai ya ware ɗaki dan aiki kaɗai kafin a rage masa, amma mai renon yara an yarda falon da yara suke wasa da rana iyalinta su zauna a ciki da dare, in dai tana da lasisi ko ta nema ko doka ta ɗauke mata. A fom 8829 ake yi, ana haɗa fili da lokaci. Misali rabin gidan yara suke amfani dashi, awa 2,500 a shekara cikin awa 8,760 da shekara take dasu, kusan kashi 28.5 kenan, a raba biyu ya zama wajen kashi 14 na haya da wuta da ruwa da gyara. Awoyin shara da girki da shirya darasi bayan yara sun tafi suma suna shiga in kin rubuta su, kuma nan ne mutane suke barin kuɗi a ƙasa. Abincin yaran ma IRS tana da tsayayyen farashi na karin kumallo da abincin rana da ɗan abin taɓawa wanda take sabuntawa duk shekara, ba sai kin tara rasit ɗin cefane ba, rajistar yaran da suka ci kawai zaki riƙe. Publication 587 ya ƙunshi duk wannan.

A madadin wannan gatan, in ribarki ta kai dala 400 harajin mai zaman kansa ya hau, kuma babu mai cire miki komai, ke zaki riƙa turawa a tsakiyar Afrilu da Yuni da Satumba da Janairu. Rabin wannan harajin ana rage miki shi a takardar, haka kuɗin inshorar lafiyarki in baki da damar shiga ta wajen aikin miji. Ki buɗe asusun banki daban na sana'ar, duk kuɗin da ya shigo ki ture wani kaso gefe a ranar.

Wasu suna da duka biyun, W-2 daga gidan da suke yini, da kuma yaran maƙwabta da ake kawo musu gida a ƙarshen mako. Ya halatta, amma kuɗin da kika kashe a aikin W-2 bazaki lallaɓa ki saka shi a Schedule C ba, kowanne da littafinsa.

Mataki na 8: shigar da takardu

Ranar ƙarshe 15 ga Afrilu ce, in ta faɗa ƙarshen mako a matsa zuwa ranar aiki ta gaba. Ana iya neman ƙarin lokaci zuwa Oktoba da fom 4868, amma na takarda ne kawai, kuɗin da ake binki a Afrilu ake biyansa. Kafin ki tura ki gwada adadin da ke W-2 da abinda kika san an biya ki, ki tabbatar kuɗin mil da na rasit basu shiga ciki ba, in sun shiga ki nemi su gyara da W-2c. Wadda bata da lambar Social Security tana iya neman ITIN, wato lambar biyan haraji, da fom W-7 ta shigar da nata. In albashinki bai da yawa shirin VITA yana cike wa mutane kyauta ta hannun masu sa kai da IRS ta tantance, galibi a ɗakunan karatu da cibiyoyin unguwa. In kuma wajen mai cikewa da kuɗi zaki je, ki tabbatar ya sa hannu ya kuma rubuta lambarsa ta PTIN da IRS take ba masu cike takardun haraji, kuma in kina da W-2 ya fara ce miki zai ƙirƙiro miki Schedule C ya zuba fetur da takalmi a ciki dan kuɗin da za'a maido miki yayi yawa, ki karɓi takardunki ki fita, dan in bincike yazo sunanki ne a kai ba nasa ba.